Ranar Da Aka Damƙa Wa Matsoraci Igiya

Ko da zan manta da komai na shekarun da na yi ina aikin haƙar rijiya, ba zan manta da wata safiya a wani ƙauye kusa da Gangara ba.

Mu biyar ne a ƙarƙashin wani dattijo da muke kira Shef. Ƙa'idar aikin, kowa yana da ranar da zai sauka cikin rami, sauran su riƙe masa igiya suna jawo ƙasa. Ni kuwa, in faɗi gaskiya yanzu da furfura ta rufa mini asiri, tsoron rami nake kamar me. Duk ranar da layi ya zo kaina sai in ce cikina ya murɗa. Abokan aiki suka yi ta ɗura mini jiƙon maɗaci, ina sha ina godiya, don ɗacinsa ya fi mini sauƙi a kan gaba goma sha biyar a ƙarƙashin ƙasa.

Rannan mai riƙe da igiya ya shagala da hira da mai fura, bokiti cike da laka ya suɓuce, saura ƙiris ya fasa kan wanda ke ciki. Da mutumin ya fito, maimakon ya kama mai laifi sai ya nuna ni.

"Shef, yau ba layina ba ne, na wanga mai ciwon cikin ne! Ko shi sauka gobe, ko shi tahi gida."

Sauran suka ce haka ne. Ni kuwa da wannan aikin nake ciyar da iyalina.

Washegari na iso ina riƙe da ciki tun daga nesa. Sai na tarar Shef da kansa yana ɗaura igiya a ƙugu. Ya miƙo mini ɗaya bakin.

"Aje cikin nan ka kama. Ni za ni sauka."

"Shef, ni?"

"Kai ɗin. Waɗanga ba su tsoron rami, shi ya sa suke hira da ran mutum a hannu. Kai ka san abin da ke ƙasa."

Ashe tun ranar farko ya gano ni, ya bar ni ina shan maɗaci a banza! Kunya ta kama ni, amma na riƙe igiyar nan kamar wanda aka haifa da ita. Mai fura ta yi sallama, ban amsa ba. Can sai ga rina ta sauka a leɓena ta zuba mini harbi. Hawaye na zuba, ko yatsa ban ɗaga ba.

Da muka jawo Shef ya ga bakina ya kumbura suntum, sai ya zauna a kan tulin ƙasa yana dariya har da tari.

"To, wa ke son a kore shi?"

Wanda ya kai ƙarata ne ya fara magana: "Ni dai daga yau, in ba shi ke bisa igiya ba, ba ni sauka."

Rijiya bakwai muka haƙa bayan nan, ko tsakuwa ba ta sake faɗa wa kowa ba, cikina kuma ya warke sarai. A nan na koyi cewa shugaba na gari ba ya gaggawar yar da mutum saboda rauninsa, sai ya duba inda raunin zai yi amfani. Ni dai tsoron da na yi ta ɓoyewa, shi mutum huɗu suka riƙa damƙa wa rayukansu.