Dila Yana Gida

A Zabi na girma, a gindin murhun kakata Saratu. Shan inna ta cinye ƙafafuna tun ina yaye. Idan yara suka fita wasa bayan tuwo, ni ina nan. Takan tura ice cikin wuta ta ce, "Matso, maigidana, ga wata ta iso."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta makahon sa da 'yar tsuntsuwa tsada. Tsada na zama a ƙahonsa tana faɗa masa hanya. Dila ya ba su kasko ɗaya na ruwan guzuri, ya ce ya ishe su. A bakin rafi ya gwada musu. Sa ya sha, tsada ta sha, kasko bai ƙare ba, don dila na ƙarawa ta baya. Da suka shiga daji sa ya zuƙa sau ɗaya, kasko ya bushe. Tsada ta suma.

"Sai me, Kaka?"

"Sai sa ya faɗa rami. Dila kuwa yana gida."

Shekarun da wayar salula ta shigo, wani ɗalibi daga Samaru, Ishaya, ya same ni a kasuwar Sabon Gari. Ya ce zai sa wa keken guragu nawa inji, aikin gama karatunsa ne. "Yayana" yake ce mini. Na ba shi keken, na koma rarrafe har ya gama. Gaban malamansa aka ɗora keken kan bulo, na hau, taya ta yi ta juyi. Aka tafa, aka ɗauki hoto.

Na fito da shi titin Basawa da batir. Ya ja, ya tsaya cak, ya sake ja, ya mutu. Tirela a bayana.

Na kai keken wurin Oga Chidi mai gyaran rediyo, ya sa mitar gwada wuta. Batir cike yake.

"Abokina, ka ga wannan ƙaramin baƙin abu mai ƙafafu? Shi ke ba inji umarni. Inji na ja, wuta ta faɗi, shi ya suma. Ya farka, ya manta komai."

Ya haɗa masa nasa ƙaramin batir daban. Sannan ya nuna mini guntun waya da aka yanke ƙarƙashin kujera.

"Wannan ta soket ce. Da wutar bango ɗalibin nan ya gwada muku. Ya sani."

Keken na tafiya har yau. Ishaya bai sake ɗaga wayata ba.

Ina yaro, haushin makahon sa nake ji saboda zarinsa. Ashe ƙishi ne kawai ya dame shi. Wanda ya tsaya ta baya yana ƙara ruwa, yana ce maka yayana, shi Kaka take nuna mini.