Fili Aka Ba Ku, Ba Ɗorawa Ba

Mai injin yankan katako ya riga ya tayar da inji, sai ga Mama Saratu ta shigo filin makarantarmu da tabarma. Ta shimfiɗa a gindin ɗorawa, ta zauna, ta jingina da ita.

Lokacin ina sabon malami a wani ƙauye kan hanyar Ribah, wayar salula ma ba ta daɗe da isowa Zuru ba. Hedimasta ne ya sa a sare bishiyar a yi benci. Ni ma na goyi bayansa, don a ƙasa ɗalibaina suke zama.

Hedimasta ya ce, "Mama, ai marigayi mijinki ya ba makaranta filin nan."

Ta ce, "Fili ya ba ku, Malam. A garin nan wa ya taɓa ba da gona ya haɗa da ɗorawa? Kalwarta nake yin daddawa da ita in kai kasuwa. Garinta jikokina ke sha in rumbu ya yi ƙasa."

"To yaran su zauna ina?"

"Benci shekara nawa yake yi? Wannan tun kakata ake cin ta. In za ku yanka, ku fara da ƙafata."

Mai inji ya kashe abinsa, ya ce shi ba a ɗauko shi yankan tsohuwa ba.

Ƙarshe dai iyaye maza suka haɗa mana bencin gora, ɗorawa ta tsira.

Yanzu duk wanda ya ce mini amfanin itace katako ne da gawayi, sai mun yi. Ku fa, wace bishiya ce ta raine ku?