Ƙaryar da Na Yi wa Kawuna a Kan Turancin Gwanja

Malam edita, ina roƙon ɗan fili in sauke wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, waɗanda abin ya shafa duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage. A shekarun farko na mulkin kai, zamanin Diori, ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Agadas, ban kai talatin ba. Na dawo daga Yamai da takardar shaida ɗaya, da kwat ɗaya, da girman kan da ya ishi unguwa guda. Faransanci na iya shi daidai gwargwado, Ingilishi kuwa shekara biyu na yi ina haddarsa a littafi, ban taɓa yin hira da mai harshen ba. Duk da haka a garin nan ni ne gwanin Ingilishi, don ni na naɗa kaina, babu kuma wanda ya isa ya bincika. Irinmu muna da ɗan yawa a lokacin, mu 'yan wuyan ɗaure, rana tana gasa mu muna tafe muna gyara wa mutane magana kamar an aike mu.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Baduku ne a tsohon gari, kuma da ɗinkin fata ya ciyar da ni har na zama abin da nake taƙama da shi. Da ƙuruciyarsa ya shekara wajen ashirin yana kai kayan fata Kumasi da Ankara yana dawowa da goro, a can ya tsinci Ingilishi a bakin 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikatan bakin teku. Shi Turancin Gwanja yake ce masa. In yana ɗinki a zaure sai ya ɓarke da labarin can, ya kwaikwayi yadda matan kasuwar Kumasi ke ciniki, mutane su yi ta dariya har da hawaye. Ina yaro babu abin da nake so kamar wannan hira. Da na dawo da takarda sai ta koma tana ba ni kunya, don na duba littafina kaf ban ga irin Turancinsa a ciki ba.

Ana nan sai ga wani Bature daga wata jami'a ta Ingila, dogo, jajir da ƙunar rana, yana rataye da na'urar ɗaukar murya a cikin jakar fata. Daga ofishin hukuma aka tura shi wurin shugaban lakwal ɗinmu, shi kuma ya haɗa shi da ni. Ya yi mini bayani da gurgun Faransancinsa cewa bincike yake yi a kan yadda Ingilishi ke sauyawa a bakin mutane, yadda na tsoho ya bambanta da na yaro, na ɗan kasuwa da na ma'aikaci, na wanda ya koya a aji da na wanda ya koya a tasha. Ya ce ya biyo hanyar fataken goro tun daga bakin teku, ta Kano da Damagaram, don an gaya masa akwai tsofaffin da suka kawo harshen har nan. Ya nanata mini sau biyu cewa shi ba ya neman wanda ya iya daidai, yadda mutane ke magana kawai yake so. Na gyaɗa kai. A raina na ce wannan ko dai ya rasa aikin yi ne, ko kuwa ya zo kwasar abin kunyarmu ne ya kai gida su sha dariya, kuma ni ba za a yi haka a gabana ba.

Saboda haka na zaɓo masa mutanen da na ga sun dace: ni kaina, da wani akawun gidan waya, da wani ma'aikacin asibiti, da wani ɗan kwastan. Kwana uku ina tara su a aji bayan yara sun tashi, ina ɗora musu darasi daga littafina. Ranar ɗaukar murya muka jeru mu huɗu, kowa ya shaƙe wuyansa, muka yi ta karanto wa na'ura labarin wani mutum da karensa da lambunsa da ƙanƙarar da ta rufe masa ƙofa. Babu ko ɗayanmu da ya taɓa ganin ƙanƙarar nan. In Baturen ya yi tambayar da ba ta cikin darasi, sai mu dubi juna kamar awaki a bakin rijiya. Ya ɗauka dai, ya yi godiya, amma na ga yana yawan duban ƙofa. Ni a wautata na ɗauka kwarjininmu ne ya cika masa ido.

Kafin nan labari ya gama gari cewa ga Bature yana neman masu jin Ingilishi. Kawu ya sa aka wanke masa babbar rigarsa, ya aika wa abokan tafiyarsa na Gwanja su biyu, ɗaya ma daga unguwar Dagmanet ya tako da sanda. Da na je gaishe shi da la'asar na tarar da su zaune a zaure sun sha ado, ana ta tuna tsofaffin kalmomi ana dariya. Ya ja ni gefe ya tambaye ni yaushe zan kawo baƙon, yana murmushi kamar yaron da aka yi wa alkawarin sabon takalmi. Ban yi ko gezau ba na ce masa ai na riga na yi wa Baturen maganarsa, amma ya ce shi Ingilishin masu ilimi ya zo nema, ba na 'yan dako da masu tallan goro ba. Baturen nan bai ma san an halicci kawuna ba. Kawu ya ce ba komai, mai abu shi ya san abin da yake so. Ina tsaye ya koma ya sallami abokansa, ban ji abin da ya gaya musu ba, na dai ga tsohon Dagmanet ya ɗauki sandarsa bai ko shanye shayinsa ba.

Ana saura kwana biyu Baturen ya koma Damagaram, maratayin jakar na'urarsa ya tsinke. Ina aji, sai ya fita da kansa neman mai gyara, kuma duk wanda ya tambaya zauren kawu ya nuna masa. Da na tashi aka ce mini yana can, na bi shi. Na same shi zaune a kan buzu ya tuɓe takalmi, na'ura tana juyawa, su biyu suna zuba Ingilishi kamar tare suka tashi. Ni gwanin gari ko rabin abin da Baturen ke faɗa ban kama ba, kawu kuwa kafin Baturen ya rufe baki ya ba shi amsa har da barkwanci. Da Baturen ya gan ni sai ya miƙe da murna, ya tambaye ni a hankali, kalma-kalma don in gane, me ya hana ni gaya masa akwai wannan mutum a garin, alhali irinsa ya ƙetare ƙasashe yana nema. Kawu ya riga ni fahimtar tambayar. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, sannan ya ce wa baƙon ɗansa ne ni, aiki ya yi mini yawa, mantuwa ce. Da ya tsinka mini mari a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi.

Baturen ya ɗage tafiyarsa, ya ƙara kwana huɗu a zauren nan da tsofaffin uku, ni da 'yan wuyan ɗaurena ko tambayarmu bai sake yi ba. Ran da ya tafi na je gaida kawu ina shirin shan faɗa. Ina shiga sai ya ajiye ɗinkinsa ya miƙe tsaye, tsohon da ya goya ni, ya sa aka kawo kujera daga cikin gida. Na durƙusa, ya ce, "A'a, tashi, ranka shi daɗe. Ƙasa ba wurin zaman masu ilimi ba ne, kada ka ɓata wandonka." Na roƙe shi gafara a ranar, na sake roƙo sau da dama bayan nan, kullum ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na san ba ya ƙarya. Amma har ya koma ga Allah bai daina miƙe mini ba, kuma in na doso zaure ana hirar Gwanja, sai ya yi shiru ya tambaye ni lafiyar aiki.

Yau na tsufa, in na tuna saurayin nan mai kwat babu abin da nake ji sai raini, don jahili ne da ya haddace littafi ɗaya ya ɗauka ya gama da duniya. Ku 'yan makarantar yanzu, masu jin kunyar bakin iyayenku a gaban baƙi, ku ji tsoron Allah ku ji tsoron irin ranar da na gani. Harshen da mutum ya nemi abinci da shi shekara ashirin ba ya jiran sa hannunku. Kuma kada ku ɗauka in tsoho ya ce ya yafe komai zai koma yadda yake. Muryar kawuna tana can a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba, mutanen da ba su san shi ba sun saurari hirarsa ta kwana huɗu yadda suke so. Ni da na tashi a gidansa, ban sake jin ko labari ɗaya daga bakinsa ba.