Zabuwar da Aka Gina wa Ɗakin Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Tamale ya san abin da ake kira zafi. Rana za ta faɗi, amma bango yana riƙe da ita har bayan isha'i. A gidanmu na unguwar Dabokpa, da an idar da magariba an ci tuwo, mu yara sai mu ja tabarma mu kewaye kurfotin Kaka. Ba ɗumi muke nema ba, Allah ya kiyaye. Ɓawon lemu da ganyen bedi, wato dogon yaro, take zubawa a kan garwashin don korar sauro, idan ranta ya yi daɗi kuma ta tura mana gyaɗa cikin toka. Tana fifita da mafici tana ba mu tatsuniya, mu kuwa baki sake.

Kaka Adiza ita ta haifi Baba, kuma shi ne ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "mutumin nan". Idan tana da saƙo sai ta aiki ɗayanmu, ko da yana zaune a gabanta yana jin komai. Mu abin dariya yake ba mu, su kuwa haka suka rayu.

Baba direban babbar mota ne, yana kai doya da masara Kumasi. Shekarar da Allah ya buɗa masa, abu na farko da ya yi shi ne gyara ɗakin mahaifiyarsa. Ya sa aka sauke jinkar ciyawa aka buga kwano mai ƙyalli, aka shafe bango da siminti. Akwai wata 'yar taga a bangon baya, da tazara tsakanin bango da rufi, duk ya sa aka toshe don kada ɓera ko maciji su shiga. Unguwa ta yi ta zuwa kallo. Matan maƙwabta suna shafa bangon suna cewa, "Mma Adiza, kin haihu! Allah ya ba mu irin naki." Kaka tana murmushi tana cewa amin.

Sai bazara ta shigo. Ni da nake kwana a bayanta tun ina ƙarama, na gudu tsakar gida, domin ɗakin ya koma tanda. Kowa a gidan waje yake kwana, amma Kaka ta ƙi. Idan ta fito da tabarmarta, ai ta gaya wa duniya ke nan cewa kyautar ɗanta ba ta zaunuwa. Haka za ta shiga ta ja ƙofa, da safe ta fito idanu jajur, ƙurajen zafi sun feso mata a wuya. Abinci ma ta rage ci. Idan Mma, mahaifiyarmu, ta tambaye ta, sai ta ce tsufa ne.

A wannan bazarar ce ta fito mana da tatsuniyar da ba mu taɓa ji ba. Baba yana gefe a kan tabarmarsa yana murɗa rediyo.

"To, ga ta nan tafe, wa zai tarbe ta?"

"Mu ne, Kaka! Ta iso mu ji ta."

Wai akwai wani manomi mai tsohuwar zabuwa. A shekarar yunwa ƙwanta ne ya raya shi, saboda haka da ya yi arziki ya rantse sai ya saka mata. Ya kira maƙera suka ƙera mata ɗaki na ƙarfe zalla, mai ƙofa ɗaya, ko allura ba za ta sami wurin shiga ba. Zabuwa ta yi godiya ta shige.

Iska kuwa, in ji Kaka, baƙuwa ce mai sharaɗi guda: ba ta komawa ta inda ta shigo. Ta zo bakin ƙofa ta leƙa, ta duba bangon baya, ta duba sama. A nan Kaka takan siranta murya ta rera:

"Zabuwa, zabuwa, na zo gaishe ki,
Ina ta inda zan fita?"

Zabuwa ta ce babu. Iska ta ce to a gai da gida, ta wuce abinta. Amma Zafi, wani ƙaton baƙo mara kunya, shi bai tambayi komai ba. Ya shiga ya haye can saman ɗaki ya yi zamansa, ya kira 'yan'uwansa suka cika wurin har ƙasa. Shi Zafi ta sama yake fita, saman kuma a rufe yake ruf. Gashin kan zabuwa ya yi ta zuba har ya ƙare, shi ya sa har yau ba ta da gashi a ka. Kullum manomi ya zo ya tambaye ta, sai ta ce lafiya lau.

"Ta ƙare," in ji Kaka, "na ɗora ta a kan wanda ya fara gyangyaɗi."

Daren farko mun sha dariya. Amma abin ya zama jiki. Duk ranar da Baba ya dawo daga hanya, zabuwar nan ce. Idan ba ya gari, sai mu sami labarin kura da na 'yan mata masu zuwa rafi. Har ƙanena ya fara ƙorafi: "Kaka, yau ma labarin zabuwa ne? Mun gaji da shi!" Ta ce wanda ya gaji ya je ya kwanta.

Wata rana haushi ya kama ni, na ce, "Kaka, wannan zabuwa wawiya ce. Me ya hana ta gaya masa?"

Maficin ya tsaya a hannunta. Ta dubi garwashi ta ce, "Da wane baki, Fuseina? Mutum ya ba ka iyakar ƙarfinsa." Na ji Baba ya kashe rediyo.

Ana gab da saukar ruwan farko ya kawo magini. Aka fasa bangon baya aka yi taga daidai saitin ƙofa, ta fi ta dā girma. Aka huda ramuka a jere can kusa da rufi aka sa musu raga, aka shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwanon, aka kafa rumfa ta yamma inda rana ke dukan bango. Da yamma Kaka ta shiga ta tsaya tsakiyar ɗakin, gefen mayafinta yana kaɗawa. Ta fito ta ce da ni, "Je ki gaya wa mutumin nan wani ya ɓata masa bango." Ba ta sake ba mu labarin zabuwa ba.

Yanzu ni ma na yi jikoki, Kaka ta daɗe da rasuwa. Lokacin da ni da maigidana muka yi gini a unguwar Jisonayili, mun ware wa Baba ɗaki, don ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa kuma Mma ta riga mu gidan gaskiya. Na tsaya a kan magini sai da ya yi taga biyu masu kallon juna, ya bar mafita a sama. Na ƙi tagar gilashin nan mai zamewa da ake yayi, wadda rabinta kaɗai ke buɗewa. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, domin na san jinin da ke jikinsa. Tambayarsa ɓata baki ne, "alhamdu lillahi" zai ce ko da yana narkewa. Abin da tatsuniyar ta koya mini ke nan, fiye da maganar taga: tsofaffinmu ba sa kuka da kyauta, sai dai kai ka je ka ji da jikinka.

Saboda haka ranar da wuta ta ɗauke da azahar, fanka ta tsaya, na shiga ɗakinsa na zauna a bakin gado. Iska tana ratsawa a hankali. Ya dube ni ya ce, "Me kike nema?"

"Babu komai, Baba. Zama na zo yi."

Ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, "Kina tsammani sai ranar da kika yi tambayar nan na gane? Tun daren farko na gane, Fuseina. Amma duk unguwa ta yabe ni a kan ɗakin, na ji nauyin a ga ina fasa shi. Bazara guda na bar uwata a ciki."

Tsoho mai furfura yana share ido da hannun riga, ni kuma tausayin su biyun ya cika ni, ita da ta kasa faɗa, shi da ya kasa motsawa. Na zauna tare da shi har aka kira la'asar, sannan na tashi na kawo masa ruwan alwala.