Ranar da Nomau Ya Zama Ruwa

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mini Nomau aji ba. Shekaru kaɗan ne kafin Nasara su tafi, ina sabon monitar a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙasar Dogon Dutsi. Monitar, ga ku yaran yanzu da ba ku tarar ba, shi ne ƙaramin malami mai riƙe 'yan ajin farko a ƙarƙashin darakta. Namu daraktan mutumin Dahome ne, mai son tsari, kullum da usur a wuya kamar da shi aka haife shi.

A wancan zamani ba mai kawo ɗansa lakwal da son ransa. Kumandan, Baturen mulki, zai aika wa sarki, sarki ya aika wa masu gari, kowane gari ya ba da yara. Mutanenmu kuwa ba wawaye ba ne: yaro mai ƙarfin noma a ɓoye shi cikin rumbu, wanda ba a ga amfaninsa a gona ba a miƙa wa dogari. Haka wani ƙauye can wajen Kore Mairuwa ya sauke nauyinsa da Nomau.

Kyakkyawan yaro ne, amma ba ya kallon idon kowa, ba ya magana, ba ya son a taɓa shi. Yini yake yi yana kaɗa hannuwa yana tsalle wuri ɗaya. Yau likitoci sun san abin, suna ce masa otizim, wasu su ce galahanga. Mu a lokacin iska kawai muka sani. Kakarsa, Inna Dije, ita ta biyo shi gari ta sauka wajen dangi. Ta ce sun kai shi gun 'yan bori sun kai shi gun malamai, kowa ya ci kazarsa, yaro yana nan yadda yake. Sannan ta nuna mini idon sawunsa na dama, inda fata ta yi kanta ta zagaye.

"Mushe, igiya ce," in ji ta, don Mushe ake kiran malamin lakwal da Faransanci. "In anka tahi gona, ga turke ubanai ka ɗaure shi don kar shi ɓace. Kada ku maishe shi gida."

Maganar ta tsaya mini a rai. Amma kowace safiya akwai jimnastik: yara su jeru layi, darakta ya busa usur, a ɗaga hannu a sauke. Da an busa, Nomau zai toshe kunne ya faɗi yana kururuwa, ranar kuma karatu ya tashi ke nan, don har kansa yake bugawa da bango. Darakta ba mugu ba ne, gajiya ya yi. Ya kira ni ofis ya ce in yaron bai natsu ba kafin hutun ƙarshen shekara, zai mayar wa mai garinsu da shi a kawo wani.

Ran Alhamis ba a karatu a lokacin, itacen girkin lakwal muke zuwa samowa bayan dutsi. Wata Alhamis na tafi da Nomau, don ba wanda zan bar wa shi. Yaron nan ya shige gaba, ya haye dutsi kamar akuya, ni da nake taƙama da ƙuruciya ina baya ina haki. Washegari Inna Dije ta tare ni a bakin lakwal tana tambaya wane magani na ba shi, wai ya cinye tuwo ya nemi ƙari, ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun yana goye. Ranar har aka tashi yana zaune a aji yana juya ɗan dutse a hannu.

Ashe jikin ne ke neman aiki. Na roƙi darakta ya ɗauke masa layin usur, ya ce in yi yadda na ga dama, shi dai natsuwa yake so. Sai na riƙa fita da shi da sassafe, mu zagaye filin lakwal a guje. Ba tsawa, ba riƙe hannu, hanya ɗaya kullum, don in na sauya hanya rigima ce. Buga kai ya ragu, ya fara yin kumatu. Ni ma tumbin da na fara ajiyewa ya gudu, abokan aiki suna yi mini ba'a wai Nomau ne ya ɗauke ni lakwal.

Saura abu ɗaya da darakta ke kuka da shi: yaron ba ya shiga cikin yara. Wata rana da hutun ƙarfe tara 'yan ajina suna langa, na hango shi can gefe ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle yadda suke yi. Kun san langa: kowane ɓangare na da mutum ɗaya da ake kira ruwa, shi ba ya ture kowa, 'yan uwansa ne ke tare masa abokan hamayya har ya kai wurin sha. Na ce a raina, ai wannan wasan don Nomau aka yi shi. Na tara yaran na gaya musu ga ruwanmu, aikinsu kar su bari kowa ya taɓa shi. Da farko sun yi gunaguni, amma da suka ga ba ya gajiya kuma ba ya waiwaye, sai suka fara faɗa a kan wa zai samu Nomau.

Ana saura kwana kaɗan hutu, na gayyaci darakta ya ga wasan 'yan ajina da manyan yara. Na san a nan za a yanke. Ya fito, ya kai usur baki zai buɗe wasa, na yi maza na roƙe shi ya ɗaga hankici a maimako. Ya harare ni, amma ya ɗaga. Manya suka taso kamar za su cinye mu, ƙananan nan suka yi wa Nomau katanga, ana ture su suna faɗuwa cikin rairayi suna dariya. Shi kuwa idonsa na kan gawon da muka sa wurin sha. Ya kai, ya dafa, ya zagaye itacen har sau nawa, sannan ya taho da ƙafa ɗaya ya tsaya gaban darakta yana kallon maɓallin rigarsa.

"Na sha," in ji shi.

Ban taɓa jin muryarsa da kalma ba sai ranar. Inna Dije, da ke leƙe ta bayan darni, ta rangaɗa guɗa, ta tuna jikanta ba ya son ƙara, ta toshe bakinta da gyale tana hawaye. Darakta ya cire usur ya sa a aljihu, ya ce da ni yaron nan ɗan lakwal ne, kada wanda ya sake kawo masa zancen mayarwa. Daɗin da na ji ranar, ko da aka ƙara mini girma ban ji irinsa ba.

Ba zan ce muku Nomau ya warke ba, don har ya girma bai zama mai yawan magana ba. Amma ya yi barci, ya ci abinci, ya koyi rubuta sunansa, ya yi abokai. Abin da na koya a aikin nan shi ne, yaron da ya kasa zama ba kullum dole yake nema ba, wani fili yake so. In aka kawo muku irinsa, ku fita da shi waje kafin ku ce ya gagara. Ƙafar da aka saba ɗaure wa Nomau a turke, ita ya riƙe da hannunsa ranar har ya kai gindin gawo.