Binciken Baffa a Kan Tudu

Lokacin da na nemi auren wata 'yar unguwar Highbridge da ke maƙwabtaka da Manhattan, mahaifiyata ta ja mini kunne. "In sun tambayi abin da ka karanta, ka ce fadojin sarakunan Turai. Ka tsaya nan."

Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, na karanta fadoji. Amma kundin digirina a kan wata tsohuwar coci na rubuta shi, ta masu ibadar da suka killace kansu daga duniya ɗaruruwan shekaru da suka wuce: yadda aka gina ta, ta ƙone, aka sake ɗaga ta.

Baffan yarinyar aka ɗora wa bincike a kaina, mutumin Maraɗi mai shagon yadi. Ya tambayi liman, ya tambayi masu tebur a bakin titi, babu wanda ya aibata ni. Sai wani direban tasi ya ce ya sha sauke ni a wata coci a kan tudu.

Wurin da yake nufi gidan tarihi ne da nake zuwa nazari a arewacin Manhattan, an gina shi da duwatsun wuraren ibada da aka kwaso daga Turai. Na ɗauka in ya gani da idonsa magana ta ƙare, sai na kai shi. Ya tsaya ƙarƙashin wani bakan dutse, ya daɗe yana kallon gicciyen da ke rataye.

"Bon, to, yaro. Coci ce ko ba coci ba ce?"

"To, Baffa, a yanzu dai ba a ibada a ciki. Sai dai wannan sashen, a iya sanina, asalinsa na coci ne. Wancan sashen kuma masana ba su gama yarda a kan asalinsa ba."

"Kai ko wuta aka ce tana da zafi, cewa za ka yi sai ka duba."

Na yi dariya don ya yi. A bas ya juya fuskarsa wajen taga har muka sauka.

Ba a jima ba aka dawo mana da kayan gaisuwa, goron ko taɓa shi ba a yi ba. Na ji cewa bai zarge ni da barin addini ba. Cewa ya yi wanda aka tsayar gaban gicciye ya kasa cewa a'a kai tsaye, ba za a ba shi 'ya ba. Har yau ina juya tambayar tasa, kuma ban ga yadda zan amsa ta da kalma ɗaya ba tare da na yi masa ƙarya ba.