Ƙetare Kogi a Jikin Bango

Lokacin da aka kawo zane-zanen nan Gaya, shekara biyu ke nan Baba bai san ni ba. In dai jiki ne lafiyarsa ƙalau, yana cin tuwonsa, yana sallarsa, amma mutane sun yi ta zubewa daga kansa ɗaya bayan ɗaya har aka zo kaina. Ni da na nemi a maido ni koyarwa gida saboda shi, ni yake duba kowace safiya ya ce, "Baiwar Allah, wa kinka zo biɗa?" Ba ni da haƙuri, kowa ya shaide ni a kan haka. Ran nan da ya yi mini tambayar karo na uku kafin in gama dama masa kunu, na daka masa tsawa na ce ɗiyarsa ce, sannan na shiga ɗaki na yi kukana. Ba wani abu mai yawa nake so ba. So nake ya dube ni sau ɗaya tak ya san ko ni wace ce.

Kunyar tsawar ce ta sa na sa masa farar rigarsa, na ɗauko sandarsa, na ce mu fita shan iska. Wani gidan adana zane na Yamai ne ya aiko da kayansa su yi kwanaki a garinmu, aka jera su a wani babban zaure kusa da lakwal ɗinmu, makarantar da nake koyarwa. Ni kaina ban taɓa shiga irin wurin ba, ko da yake a gaban ɗalibaina nakan yi kamar a ciki aka haife ni.

Abin da na fara gani takalma ne tuli a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce a cire, mutanenmu ne suka ga daɓe yana ƙyalli suka ga bai kamata a taka shi da ƙasar kasuwa ba. Mai kula da zanen, wani dogo mai tabarau da ya biyo kayan daga Yamai, ya gaji da cewa a shigo da su, ya koma gefe yana murmushi. Ciki akwai sanyi da ƙamshin fenti. An rufe tagogi rabi, haske yana shigowa a hankali, hayaniyar kamyo, manyan motocin kaya masu jiran binciken duwan a bakin iyaka, kuma ta koma can nesa kamar daga wani gari take zuwa.

Na zaci shiru ake yi a irin wannan wuri. Ina! Mutanen Gaya ba su kallon abu su bar shi haka nan. Wani direba ya tsaya gaban zanen mota yana rantsuwa cewa da lodin nan ko Malanville da ke nan tsallaken kogi ba za ta kai ba. Wasu mata biyu daga Tanda suna gardama a kan wata gona, ɗaya ta ce gero ne, ɗaya ta ce maiwa ce, a duba tsawon zangarniyar. Wata tsohuwa mai sayar da kifi tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa kowace sallama, sannan ta juya ta tambayi mai tabarau, "Wagga ɗiyar wa ta?" In ya ce mai zanen ne ya ƙago ta, sai ta girgiza kai don tausayi. Limamin unguwarmu yakan sauke ido in ya zo kan mutane, amma ya daɗe gaban wasu giginyu har leɓunansa suna motsi. Ƴan mata kuwa baya suke ba zanen, su ɗaga salula su ɗauki kansu hoto.

Baba ya bi ni duk wannan ba tare da ya ɗaga kai ba. Ina nuna masa, ina yi masa bayani irin na malaman lakwal, shi kuwa ƙafafunsa yake kallo. Raina ya fara ɓaci, har na yi niyyar mu koma gida.

A ƙarshen zauren akwai wani zane da ya kusa cinye bango, an gitta igiya a gabansa don kada a taɓa. Ba kowa a wurin, saboda a ganinmu ba komai a ciki: ba mutum, ba jirgi, ba ko tsuntsu. Ruwa ne kawai da safe, wani wuri fari-fari, wani wuri ja-ja, wani wuri ya yi duhu, sai ɗan layin ciyawar burgu can sama. Nan Baba ya tsaya cak. Shekara arba'in da wani abu ya yi yana tuƙa jirgi a kogin garinmu, yana ƙetare da mutane da buhunan shinkafa, kuma tun da ciwon ya same shi muka hana shi zuwa bakin ruwa don tsoron kada ya faɗa.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa zuwa gwiwa, ya kama igiyar nan ya ɗaga ta daga ƙugiyarta ya ajiye a ƙasa, yadda ake kwance jirgi. Mai tabarau ya taso da sauri, tsohuwa mai kifi ta riƙe masa hannun riga.

"Bar shi, ɗana," ta ce. "Ba ya taɓa komi. Ba ka ga tuƙi za ya yi ba?"

Baba ya juya sandarsa ya riƙe ta da hannu biyu kamar gorar tuƙi. Bayansa da ya daɗe a tanƙware ya miƙe. Ya nuna wurin fari-farin da haɓa ya ce rairayi ne, ruwa bai kai ƙugu ba. Ya nuna jan ya ce an yi ruwan sama a arewa kwana biyu da suka wuce. Da ya zo kan duhun nan na tsakiya sai ya rage murya ya ce nan ne ruwa ke juyawa. Mai tabarau ya cire tabaransa ya matso yana duba zanen da ya yi makonni yana gadi.

"Ku zamna," Baba ya ce. "Ba a tsayuwa cikin jirgi."

Tsohuwar ce ta fara zama a kan daɓen, ta tattara zanenta. Matan Tanda suka bi ta, direban ma ya tsuguna yana dariya, can dariyar ta ɗauke. Na zauna daf da ƙafar Baba. Wallahi ban san yadda zan faɗi abin ba, amma da ya kafa sandar ya tura, na ji daɓen ya motsa a ƙarƙashina. Hasken taga yana rawa a jikin ruwan, na ji warin laka da ɗanyen kifi, har na dafa ƙasa da hannu biyu.

Ya dubo ni daga sama.

"Baiwar Allah, tsoron ruwa kike?"

Na ce e.

"Kak ki ji komi. Ina da ɗiya irinki, tana lakwal Dosso. In ta shiga jirgi haka take riƙe katako har yatsunta su yi hwari. Ran da duk nika ɗauke da ita ba ni yanke tsakiya. Gaɓa nika bi, in hau can sama inda ruwa ya kwanta, kana in ƙetare. Mutane su yi ta hwaɗa, wai na ɓata musu lokacin kasuwa, in ce musu dorina ta a tsakiya." Ya yi ƴar dariya, ya sake tura sandar. "Babu wata dorina. Kak dai ki gaya mata, kunya za ta ji."

Ni kuwa har na girma ina gaya wa mutane cewa akwai dorina a mashigin nan, har ɗalibaina na sha gargaɗi a kanta. Na so in kama rigarsa in ce ni ce, Baba, dube ni, ga ni nan. Amma fuskarsa ta yi wani irin kwanciya da rabona da ganinta tun kafin ciwon, na ji tsoron in na yi magana komai ya watse.

"Kin san ta?" ya tambaye ni.

"Na san ta," na ce.

"Tana lahiya?"

"Lafiya lau take. Tana gaishe ka."

Ya gyaɗa kai, ya mai da idonsa kan ruwa. Ba wanda ya tashi a cikinmu. Na bar hawayena suna zuba, na riƙe gefen jirgin da kyau, shi kuma ya karkata sandarsa ya bi da ni ta gaɓa.